Ta ci rubutu amma ta faɗi a gaban gado, wai ya ake auna ɗaliban likita a fostin (zaman horo a sassan asibiti) ne?

Malam na Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah likitocin cikinmu da masu karatun likita ku taimaka ku fahimtar da ni wani abu, wallahi yau kwana uku ke nan abin yana cin raina. Ƙanwata ce da nake riƙo tun rasuwar mahaifinmu, tana aji biyar a karatun likita a wata jami'a da ba a jihar nan take ba, ba sai na kama suna ba. Ranar Talata ta sauka a Kwangila da jakarta na je na ɗauko ta a mashin, tun daga ganin fuskarta na san ba lafiya, amma ba ta ce min uffan ba har muka wuce PZ muka iso gida, sai da ta ga Inna a tsakar gida sannan ta zube ta fashe da kuka. Sakamako ya fito, ta ci ɓangaren mata da haihuwa, ta faɗi na yara, an ce ta dawo risit, wato ta sake jarabawar, nan da wajen wata uku.

To abin da ya ɗaure min kai shi ne, ta ce rubutun ta ci, obje ma ta ci, in aka tattara makinta gaba ɗaya ya haura 50, amma wai kilinikal, wato duba majinyaci a gaban gado, ne bai kai ba shi ya ja ta ƙasa. Ni malamin sakandare ne, shekara 14 ina koyar da lissafi, a wurinmu in ka haɗa tes da jarabawa yaro ya haura layi shi ke nan ya wuce, ban taɓa jin inda ɓangare ɗaya zai cinye sauran ba. Kuma yarinyar nan ba wasa take ba, in ta zo hutu littafin nan nata na yara mai kauri kamar bulo shi ne abokin hirarta, fitilar caji har kiran assalatu, Inna har faɗa take mata ta kwanta.

Yadda ta ba ni labari, an haɗa ta da wani yaro ɗan shekara biyu mai tamowa, uwar daga ruga take Hausarta ba ta nuna sosai ba, yaron kuma tunda ta taɓa shi yake tsala kuka har lokaci ya cika. Sai manyan likitoci biyu suka zo, ɗaya ma baƙo ne daga wata jami'a, cikin minti goma sha biyar suka gama da ita. To fisabilillahi minti goma sha biyar ɗin nan ne za su goge wahalar shekara guda? Ya ake ba da makin nan ne? Watannin da ta yi tana sintiri a wod ba a lissafa su? Kuma akwai inda mutum zai kai kuka a sake duba masa?

Abban Sabon Gari:

Allah sarki, Allah ya ba ta haƙuri. Malam ni dai shawarata ka zauna da ita ka tambaye ta a hankali ko akwai wani malami da suka taɓa samun matsala, don jarabawar da ba rubutu ba ce baki ne kawai, in mutum ya so kayar da kai ba ka da takardar da za ka nuna. Ba na ce haka aka yi ba amma a bincika.

Likitan Yara:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka maka da alheri kan wannan riƙo da kake. Ni likitan yara ne, babban rijistira wato likita mai horon ƙwarewa, ina cikin waɗanda ake tsayarwa da agogo da takardar maki ranar jarabawar ɗalibai, bari in faɗa maka yadda abin yake daga ciki, ka yi haƙuri zan ɗan ja.

Wannan doka da ta kayar da ita ba don ita aka ƙirƙiro ba, kusan duk makarantun likita na ƙasar nan haka suke. Makin ci 50 ne, kuma a darussan asibiti, wato na manya da tiyata da yara da mata da haihuwa, sai ka ci ɓangaren kilinikal shi kaɗai a karan kansa. Ko 80 ka samu a rubutu, in 45 ka samu a gaban gado to ka faɗi. Ka lura digirin likita na MBBS ba shi da wani fes kilas ko sekan kilas, shaida ce kawai cewa za a iya barin wannan mutumin da majinyaci. Yana gamawa MDCN, hukumar kula da likitoci, za ta ba shi lasisin wucin gadi ya shiga haus job, wato aikin sabon likita a ƙarƙashin manya, na wata 12, wata uku-uku a sassan nan huɗu, kuma shi ne wanda nas za ta tasa ƙarfe biyun dare in yaro ya fara jijjiga. A lokacin nan ba wanda zai miƙo masa A, B, C, D ya zaɓa, hannunsa ne da idonsa.

Watannin wod ana lissafa su mana. Akwai halarta, rawun na safe wato zagayen duba majinyata, kilinik, kwanan kol wato aikin dare, a yawancin wurare in ba ka kai kashi 75 ba ko zauren jarabawa ba za ka shiga ba. Akwai lokbuk, ɗan littafin da ake sa maka hannu duk abin da ka gani ko ka yi, sa kanula, ɗiban jini, sa robar hanci ta abinci, tsayawa a ga yadda ake ɗiban ruwan baya. Akwai gabatar da majinyaci a rawun, sai jarabawar ƙarshen fostin. Duk wannan shi ake tarawa ya zama kashi 30 ko 40 cikin ɗari, ya danganta da makaranta, sauran kuma babbar jarabawa ce, rubutu, obje, hotuna da kayan aiki da ake nuna maka ka faɗi mene ne, baiba wato tambayar baki, sannan kilinikal.

Abin da ƙanwarka ta yi shi muke kira lon kes. Ana barinka da majinyaci ɗaya kamar minti 45 zuwa awa, ba littafi ba waya, ka ɗauki labarin ciwon tun daga farko, ka duba jiki daga kai har ƙafa, ka tsara abin da kake zato da gwajin da za ka nema da maganin da za ka fara. Sai masu jarabawa biyu su zo, kowa da takardar makinsa. Baƙon nan da ta gani shi ne estanal, kuma wallahi don kare ɗalibi ake kawo shi, don bai san ta ba bai san wa take gaisarwa wa ba ta gaisarwa ba. Don haka maganar Abban Sabon Gari ban ce ba ta taɓa faruwa a duniya ba, mutane ne, amma da wuya mutum ɗaya ya kayar da ɗalibi alhali ga baƙo a tsaye yana rubuta nasa makin, kuma daga baya duk sashe zai zauna a bi sakamakon ɗaya bayan ɗaya, musamman na waɗanda suka tsaya a bakin layi.

Yanzu ɗauki yaron nan mai tamowa. Ba wanda yake jiran ta karanto mana babi guda da ka. Abin da muke kallo: ta tambayi uwar yaushe aka yaye shi, da me aka yaye shi, koko zalla ne ko ana sa masa gyaɗa ko waken suya, ya yi ƙyanda kwanan nan, yana gudawa, akwai mai tari a gidan? Ta nemi katin rigakafi, ta san BCG ranar haihuwa ake yi, penta a sati 6 da 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9? Ta ɗauko tef ta auna dantsensa, ta san ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani? Ta danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ta ga ko wurin zai loɓa? Ta ƙirga numfashinsa minti guda cur, ta san a ɗan shekara biyu 40 zuwa sama ya yi sauri? Waɗannan ba a iya su a ɗaki da fitilar caji Malam, sai hannu ya saba.

Sannan akwai abu biyu da suke kayar da ɗalibi nan take ko da ya yi ƙoƙari a sauran. Na farko amsar da in aka bi ta majinyaci zai mutu. Misali a ce yaron nan yana gudawa me za ki yi, ta ce za ta ɗaura masa ƙarin ruwa ta jijiya ya shiga da gudu kamar kowane yaro. Mai tamowa zuciyarsa ta yi rauni, ruwan nan zai iya cika masa huhu, shi ya sa ta baki ake bi a hankali sai in ya galabaita ƙwarai. Ko ta manta da duba suga da lulluɓe shi, alhali saukar suga da sanyin jiki suna cikin abin da ke kashe su a kwanakin farko. Ko ta ce za ta fara masa maganin ƙarin jini ranar farko, wanda sai ya fara farfaɗowa ake ba shi, da madarar F-75 ake somawa. Na biyu, kuma wannan ya fi zafi, faɗin abin da ba ka duba ba. A tambaye ka akwai kumburi, ba ka danna ba amma tsoro ya sa ka ce babu. Mai jarabawa zai matsa ya danna da kansa a gabanka. In ka ce ban duba ba yallaɓai, an rage maka maki an wuce. In ka ce babu alhali akwai, to maganar ta tashi daga ilimi ta koma amana, don gobe abin da ka rubuta a fayil shi wani zai karanta ya ba da magani a kai.

Ban ce lon kes ba shi da aibi ba. Akwai sa'a a ciki ƙwarai, wani ya samu yaro ɗan shekara goma mai sikila da uwar da ta haddace labarin ciwon fiye da ɗalibin, wani ya samu irin na ƙanwarka. Muna la'akari da wannan, kuma tana da damar neman tafinta ko ta faɗa tun farko cewa harshe ya ba ta wahala. Batun kai kuka, rubutu ana iya nema a sake dubawa ta hanyar jami'a, amma kilinikal ba abin da za a sake dubawa tunda yaron ma an sallame shi. Abin da zai amfane ta shi ne ta je wurin malamin da ke kula da ajinsu a sashen, cikin ladabi, ta ce a nuna mata inda ta gaza.

Ɗalibar aji shida:

Yaya sannu da ƙoƙari, ka ce mata wallahi ba ita kaɗai ba ce. Ni ma 'yar Zariya ce amma ba a gida nake karatu ba, kuma na sha irin wannan kukan a aji huɗu, jarabawar ƙarshen fostin ɗina na farko a wod ɗin manya na faɗi warwas alhali a aji biyu da uku ina cikin na gaba-gaba. Matsalar mu masu son littafi ke nan, da an tashi rawun sai mu gudu laburare muna ganin zaman wod ɓata lokaci ne. Wata rijistira ce Allah ya saka mata ta kira ni gefe ta ce daga yau kullum majinyaci ɗaya, ki ɗauki labarinsa ki duba shi ki zo ki gabatar min ko minti biyar ne. Sati na farko saifa ma ban iya tantance ta a ƙarƙashin hannuna ba, ina ta danna ciki da ƙarfi bawan Allah yana ƙanƙame jiki, sai da ta kama hannuna ta ɗora ta ce ki bari ya ja numfashi ita za ta zo ta same ki. Ranar da na ji gefenta ya taɓo yatsuna ban manta ba har yau.

Wani abu kuma da ba a faɗa, labarin da Hausa ake ɗauka amma da turanci ake gabatarwa, kuma tsakanin biyun nan ake zubar da maki. Majinyaciya ta ce miki sanyi ke damun ta, to wane sanyin? Na mara ne, na ƙashi ne, ko mura? Dattijo ya ce basir, kina zaton abin da littafi ya kira basir ne ashe shi duk ciwon da ya shafi ciki da bayan gida basir ne a wurinsa. Uwa ta ce haƙori ne yake sa shi gudawa, in kika tsaya nan kin rasa ciwon. Sai kin tambaya an cire masa beli, an kai shi wurin wanzami, an ba shi jiƙo, kuma ki tambaya yadda ba za ta ji kamar tuhumarta kike ba, in ba haka ba ta ce a'a ta rufe bakinta. Mu da muka tashi da Hausa ma muna fama balle 'yan ajinmu da suka zo daga kudu, su kam har tausayi suke ba ni, amma wasunsu kafin aji shida sun fi mu iya tambayar ina ke miki ciwo.

Sai dai Dakta ka yi haƙuri, akwai inda tsarin yake cutar da mu kuma ya kamata a faɗa. Mu ashirin da wani abu muke zagaye gado ɗaya, na baya ko fuskar majinyacin ba ya gani. Sati takwas za ka yi a sashe ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalle ka kana duba mutum daga farko har ƙarshe ya ce nan ka yi daidai nan ka kuskure, ranar jarabawa ce rana ta farko da babba zai zuba maka ido, to ya ba za ka rikice ba? Lokbuk kuma gaskiya ya koma farautar sa hannu, satin ƙarshe ka ga ana bin rijistira har wurin ajiye motoci da biro a hannu, wanda ya kwana a wod da wanda ya kwana a hostel littafinsu iri ɗaya ya cika. Kuma makin halayya da ƙwazo da ake bayarwa, mai baki da yawan ɗaga hannu shi ake tunawa, mai kunya ko ta fi kowa aiki ba a san sunanta ba. Mu mata da aka tarbiyyantar da mu kan kada mu ɗaga murya gaban manya wannan yana taɓa mu sosai, sai da na koyi cewa fitar da murya a rawun ba rashin kunya ba ne.

Ɗan Gyallesu a Ingila:

Ƙanwata ta aji shida ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Dakta na yarda da kai kan dalilin dokar ɗari bisa ɗari, amma majinyaci ɗaya ya yi kaɗan a yanke wa mutum hukunci da shi. An daɗe da gane cewa ƙoƙarin ɗalibi a kan ciwo ɗaya ba ya nuna yadda zai yi a kan wani, wanda ya burge a kan ciwon zuciya sai ka ga ya daburce a kan ciwon ƙoda. Wannan ne ya sa Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta Sikotland suka fito da OSCE, oski da ɗalibai ke faɗa, suka wallafa bayaninsa a 1975. Maimakon gado ɗaya sai a jera tashoshi da yawa, kowacce 'yan mintuna, a buga ƙararrawa ka matsa gaba, kowa ya bi tashoshi iri ɗaya, mai jarabawa yana riƙe da jerin abin da ake so ka yi yana yi maka alama. Makarantu da yawa a gida sun ɗauka, wasu sun haɗa shi da lon kes. PLAB 2, jarabawar neman lasisin likita a Ingila, da na yi a Manchesta kafin in fara aiki a nan haka take, tasha 16 kowacce minti 8.

Amma shi ma oski ba tsarkakakke ba ne, ana haddace shi. Na ga masu iya jero wanke hannu, gaisuwa, neman izini, komai tsaf kamar karatun allo, amma ka ba su mutum na gaske da ciwo uku a jiki ɗaya su rasa ta inda za su fara. A nan lon kes ya fi shi kama da aikin gaske. George Miller a 1990 ya kasa abin hawa huɗu, sani, sanin yadda ake yi, nuna yadda ake yi, da yi ɗin kansa a bakin aiki. Rubutu yana auna biyun farko, oski na uku, na huɗun sai a wod. Abin da na gani a nan da nake fata a yawaita a gida shi ne wanda suke kira Mini-CEX, a Amurka aka faro shi wajen 1995. Ba wani kayan aiki yake buƙata ba, babba ya tsaya minti 15 ko 20 ya kalle ka da majinyaci na gaske, a take ya gaya maka abin da ka yi daidai da wanda za ka gyara, a cike ɗan fom, a maimaita sau da yawa da manya daban-daban. Da an yi wa ƙanwar Malam haka sau biyar a fostin ɗinta, da tun sati na biyu wani ya ce mata ina tef ɗinki. Na san matsalar, likitocin sun yi kaɗan ɗalibai sun yi yawa, kuma irinmu da muka fito muna cikin dalilin ƙarancin, ina jin nauyin wannan a raina.

Mama Nas mai ritaya:

Ɗana Malam, ni nas ce na yi aiki tun asibitin koyarwa yana Tudun Wada kafin a tare a Shika a 2005, ɗaliban da suka wuce ta gabana ba su ƙirguwa, wasunsu yau furofesoshi ne. Mu ba ma riƙe takardar maki amma mukan san wanda zai ci tun kafin ranar. Shi ne wanda bayan la'asar, manya sun watse, za ka gan shi ya dawo ya ja kujera kusa da uwar yaro suna hira, ya zo ya ce Sista don Allah in za ki sa kanula ki kira ni. Ka gaya wa 'yata yaro mai kuka ba a fara shi da kwantarwa a gado. A bar shi a cinyar uwarsa ko a kafaɗarta, in yana shan nono ma ya fi, ta ƙirga numfashi daga nesa tun bai san da ita ba, ta ɗumama abin sauraren ƙirjin a tafin hannunta, ta fara ɗora shi a jikin uwar ya gani. Duba maƙogwaro da kunne su ne na ƙarshe don su ke tayar da rigima. Ta riƙa yawo da ɗan abin wasa mai ƙara a aljihun farar rigarta. Kuma ta kama nas-nas na wod ɗin da kyau, akwai abin da za su koya mata a dare ɗaya wanda ba ya cikin littafi.

Maman Sadiƙu:

Ni ba likita ba ce amma ɗana mai sikila ne, sau biyu ana roƙona mu tsaya a yi jarabawa da shi kuma na yarda don na san gobe su za su duba shi. Wata ta zo hannunta har rawa yake, amma ta gaishe ni ta tambayi sunansa ta ce masa zan taɓa cikinka in da zafi ka faɗa min. Wani kuma ya zo ko kallona bai yi ba, takardarsa kawai yake cikewa, ya yaye masa riga ya bar shi a buɗe ga sanyin fanka, shi kuwa sanyi ne abokin gabarsa. Da manyan suka zo ɗayan ya juyo ya tambaye ni da Hausa, Hajiya ya gaya miki abin da zai yi kafin ya yi? Na faɗi gaskiya. Don haka Malam har mu ma ana jin ta bakinmu wani lokacin.

Malam na Tudun Wada:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Jiya bayan isha'i na miƙa mata wayar ta karanta da kanta, ta daɗe shiru, da ta zo wurin maganar Dakta ta danna ƙafa sai hawaye. Ta ce Yaya abin da ya faru ke nan. Kukan yaron ya ruɗa ta lokaci ya ƙure, ba ta auna dantsen ba ba ta danna ƙafar ba, da baƙon likitan ya tambaye ta kumburi sai ta ji bakinta ya ce babu, ya sunkuya ya danna wurin ya loɓa ya ƙi tasowa. Ta ce tun a nan ta san ta faɗi, kunya ce ta hana ta gaya mana wannan ɓangaren. Batun matsala da malami kuma Abban Sabon Gari na tambaye ta, ta ce babu ko kaɗan.

Da niyyarta ta yi wata guda a gida tana bitar littafi, yanzu ta ce ranar Lahadi za ta koma. Dakta tambaya ɗaya ta rage, kwanakin nan da suka rage mata a gida za ta iya shiga wani asibiti a nan Zariya ta riƙa duba yara don hannunta ya saba?

Likitan Yara:

Kada ta shiga wod ɗin da ba na makarantarta ba haka kawai Malam, sai da takarda daga makarantarsu da izinin asibitin, kuma kafin a gama wannan Lahadin ta zo. Ta huta kwana biyun nan ta ci tuwon Inna. In ta koma ta je wurin babban rijistiran sashen ta ce ita 'yar risit ce tana so a sa ta a jerin masu kol, ta nemi mutum ɗaya da zai riƙa sauraron gabatarwarta kullum, ta ce masa ya tsaya ya kalle ta tana duba yaron ba wai ya ji labari kawai ba. Ta fi yawan zama a ɗakin gaggawa na yara da ɗakin masu tamowa da na jarirai. Kafin ta tafi ka saya mata tef ɗin awo irin na tela da agogon hannu mai sandar sakan a kasuwar Sabon Gari, na awon dantse mai launi uku kuma ta roƙa a wod ɗinsu za su ba ta.